Tsare Unguwa Daga Ciwon Haukan Kare: Jagora Ga Sabbin Ma'aikata

Duk shekara ana turo mana sabbin ma'aikatan lafiyar dabbobi da matasa 'yan sa-kai, kuma duk shekara kurakuran nan dai su ake maimaitawa. Wani ya jefa allura a jakar goyo cikin zafin Afrilu, kafin ya isa ƙauye ta riga ta lalace. Wani ya kafa teburi a ƙofar gidan dagaci ranar da mafarauta suka fita daji da karnukansu, ya wuni yana hamma. Wani kuma a ce masa kare ya ciji yaro, sai ya bi gayyar masu neman karen, a bar yaron da ciwo ba wanki. Ba rashin karatu ke jawo haka ba. An koya musu sunan cutar da alamominta, amma ba a nuna musu yadda aikin ke tafiya a tsakanin mutane ba. Don su na rubuta wannan, da kuma duk mai unguwar da ke son ya san abin da ya kamata a yi a yankinsa.

Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu. Idan ta shiga jikin mutum ta cizo, ko yaƙushi, ko lasar wurin da fata ta buɗe, ba ta bin jini. Jijiya take bi sannu a hankali har ta kai laka da ƙwaƙwalwa. Tafiyar kan ɗauki wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako guda kacal, wani lokaci har shekara. Kafin ta isa, allura tana tare ta. Bayan ta isa kuma alamu suka bayyana, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da ita a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kimanin kashi 40 cikin 100 yara 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kusan kashi 99 cikin 100 daga kare suka samo ta. Ke nan wuri biyu aikinmu yake: a jikin kare kafin ya yi cizo, da kuma a jikin mutum a ranar da aka cije shi.

Kayan da za ka tanada

Allurar rigakafin karnuka daga hannun da ka amince da shi, wato ofishin kula da dabbobi na jiha, ko Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, ko likitan dabbobi mai rajista. Kula mai rufi sosai da ƙunshin ƙanƙara. Sirinji da tsinken allura sababbi, ɗaya ga kowane kare, da kwalin zuba waɗanda aka yi amfani da su. Safar hannu, takalmin roba, igiya mai ƙwari, da takunkumi ko tsumma mai faɗi da za a ɗaure baki da shi. Fenti ko zare mai launi na yi wa kare alama. Littafin rajista da katin shaida. Sai jarkar ruwa, buta, sabulu da aidin. Waɗannan na ƙarshe su ne sabon ma'aikaci ya fi mantawa, alhali shi kansa ana iya cizonsa tun a kan kare na farko.

1. Fara da kanka, sannan masu gari

Kada ka taɓa kare a bakin aiki ba a yi maka taka allurar ba. Ana yin ta sau biyu, ranar farko da rana ta 7. Ba ta ɗauke maka zuwa asibiti idan an cije ka, amma tana rage yawan alluran da za ka buƙata, kuma ba sai an nemo maka maganin garkuwa mai tsada da ake tsirawa cikin rauni ba.

Daga nan sai ka je gaisuwa. Dagaci, masu unguwa, liman, fasto inda yake, arɗo, sarkin fawa, da sarkin baka. Idan lokaci ya ƙure maka har sai ka zaɓi mutum ɗaya, zaɓi sarkin baka, shugaban mafarauta. Mafarauci ɗaya yakan riƙe karnuka da yawa, karnukansa su ke shiga daji su haɗu da dila da karnukan wasu garuruwa, kuma ba ya yarda baƙo ya tsira wa karensa allura sai shugabansa ya ce a yi. Za ka ji ana cewa allura tana kashe wa kare zuciya, ko tana hana shi jin ƙanshin nama. Ba gaskiya ba ne, amma gardamarka ba za ta sauya komai ba. Roƙi sarkin baka a fara da nasa karnukan a gaban jama'a.

Wasu iyayen gida za su ce su ba ruwansu da kare. Kada ka shiga muhawarar fiƙihu, ba fagenka ba ne. Bar wa liman, shi ya san hukuncin karen farauta da na kiwo da na gona. Kai dai ka nuna musu cewa karen maƙwabci ba ya tambayar ɗan wa zai ciza.

2. Ƙidaya karnuka

Nan ne ake yawan tsallakewa, kuma nan ne aikin ke lalacewa. Abin da ake nema shi ne a yi wa aƙalla kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura. A wannan matakin kare mai ciwo yakan mutu bai samu isassun karnukan da zai bar wa cutar ba, sai ta mutu tare da shi. To, ta yaya za ka san ka kai 70 idan ba ka san 100 ɗin ba?

Bi gida-gida. Idan ka tambayi maigida yana da kare, sau da yawa zai ce a'a, ga kuma kare kwance a gindin rumbu. Ba ƙarya yake yi ba, a ganinsa na yara ne. Don haka tambayi yara. Su suka san karyar da ta haihu a kango, da yawan kwiyakwiyinta, da sunan kowane. Yawancin karnukan da ake kira marasa gata a garuruwanmu suna da gidan da suke kwana da wanda ke zuba musu kanzo. Rubuta kyanwoyi a shafi dabam. Kada ka manta rugage da gidajen gona.

3. Tsare sanyin allura

Allurar tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Zafi yana lalata ta, daskarewa ma haka. Kada ka saka ta a ɓangaren ƙanƙara na firji, kada kuma kwalba ta manne da ƙanƙara a cikin kula. Sa kwali a tsakani. Ajiye kula a inuwa, buɗe ta kawai idan za ka ɗauki kwalba. Duba ranar ƙarewar aiki. Irin da ke zuwa a busasshen gari ana haɗa ta da ruwanta, idan ka haɗa sai ka ƙarar da ita a lokacin, ba a kwana da ita.

Dalilin tsanantawa a nan shi ne allurar da ta lalace ba ta canza kama. Za ka tsira ta, ka ba da kati, mai kare ya tafi da kwanciyar hankali. Ranar da karen ya ciji ɗansa sai ya ɗauko katin ya ce ai an yi masa allura, ya ƙi zuwa asibiti. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In kana shakkar kwalba, zubar da ita.

4. Ranar allura

Zaɓi rana tare da masu gari. Kauce wa ranar kasuwa, da ranar fita farauta a lokacin rani, da tsakiyar shuka. Ranar da ba makaranta ta fi, domin yara ne za su jawo karnukan. Mai shela ya zaga kwana biyu kafin nan, a faɗa a masallaci da coci. Fara da sassafe, ka tashi kafin rana ta take.

Mai kare shi zai riƙe abinsa, ba kai ba. Ya tsuguna a gefensa, hannu ɗaya a ƙarƙashin wuya, ɗaya a kan ƙugu, kan karen yana kallon wani gefe. Kai kuma ka zo ta baya, ba hayaniya, ba zuba masa ido. Karanta takardar da ke cikin kwali: wata allurar a ƙarƙashin fata ake yi, wata a cikin tsoka, kuma akwai irin da aka yi wa karnuka kaɗai, ba a yi wa kyanwa. Adadin da aka rubuta shi za ka bayar, ko kare ƙato ne ko ɗan kwikwiyo. Masu raba allura ɗaya gida biyu don ta isa, sun yi asarar duka biyun.

A asibitin dabbobi an saba fara wa kwikwiyo a wata 3. Amma a gangamin gari, inda cutar take yawo, shawarar masana ita ce kada a bar kwikwiyo don ƙanƙantarsa, matuƙar irin allurar da ke hannunka ta dace da shi; sai a sake masa daga baya. Ka tuna kwikwiyo shi ne yara ke runguma. Karen da ya zo ba lafiya, ko wanda ya ciji mutum cikin kwanakin nan, ware shi, ba allura yake buƙata a ranar ba, sa ido yake buƙata.

Yi wa kowane alama, rubuta shi, ba da kati. Gaya wa mai shi allurar kan ɗauki 'yan makonni kafin ta kama jiki. Waɗanda ba a iya kawowa ba, bi su gida da yamma.

5. Koma ka duba

Washegari da asuba zaga unguwa da ƙafa, ka ƙirga karnukan da ka gani, masu alama da marasa alama. Idan cikin 10 masu alama ba su kai 7 ba, aiki bai ƙare ba, ko da kwalabe nawa ka ƙarar. Rahoton da ke cewa an yi allura 300 bai faɗi komai ba in ba a san ko karnukan 400 ba ne ko 1,000.

Sannan baɗi sai an sake. Karnukanmu ba sa daɗewa, ana haihuwar sababbi, ana sayarwa, ana kawo wasu. Fataucin karnuka daga jihohin arewa zuwa kasuwar Dawaki a Filato kaɗai ya isa ya nuna maka irin nisan da kare ke yi. A Njamena, babban birnin Chadi, an yi gangami a 2012 da 2013, aka wuce kashi 70, cutar ta ɗauke daga karnukan birnin na tsawon watanni, sannan ta sake shigowa daga waje. Darasi biyu ke nan: abin yana yiwuwa a gari irin namu, kuma ba ya ɗorewa sai maƙwabta sun yi nasu. Yi magana da ma'aikacin gundumar da ke kusa da kai ku haɗa mako.

6. Idan kare ya yi cizo, mutum tukuna

Wannan matakin ya kamata kowa a unguwa ya haddace shi, ba ma'aikaci kaɗai ba.

Wanke raunin nan take da sabulu da ruwa mai zuba, minti 15 cur. A duba agogo, domin minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo, kuma yawanci a minti 2 ake tsayawa. In ba famfo, mutum ɗaya ya riƙa tsiyaya da buta, ɗaya yana cuɗawa. Kowane sabulu ya yi, har na wanki. Ƙwayar cutar tana da riga ta maiƙo, sabulu kuwa narkar da ita yake yi. Bayan nan a shafa aidin ko sifirit. In yawu ya shiga ido ko baki, a ɗauraye da ruwa mai yawa.

Kada a zuba barkono, toka, ƙasa, man inji ko ƙonannen gashin karen. Kada a ɗaure raunin tamau. Kada mai kemis ya ɗinke shi nan take, domin ɗinki yana tura ƙwayar cutar ciki; in dole ne sai an ɗinke, likita ne zai yi bayan an sa magani. Mai son tofi ko rubutu ba wanda ya hana shi, amma a yi a kan hanyar asibiti.

A je asibiti a ranar. Taɓa kare ko lasa a kan lafiyayyar fata ba ya buƙatar allura, wanki ya isa. Yaƙushi ko ɗan gatsa da bai fitar da jini ba yana buƙatar allura. Cizon da ya huda fata, ko lasa a kan gyambo, ko yawu a ido da baki, ko hulɗa da jemage kai tsaye, yana buƙatar allura tare da wani magani na garkuwa da ake tsirawa a cikin raunin da kewayensa. Shi wannan yana tare ƙwayar cutar kafin allura ta fara aiki, kuma ba a ba da shi in an wuce kwana 7 da allurar farko. Yana da tsada, ba ko'ina ake samunsa ba. In babu shi, kada a fasa wanki da allura. Cizo a fuska, wuya, kai ko yatsu ya fi gaggawa, saboda kusanci da ƙwaƙwalwa da yawan jijiyoyi, kuma nan ne kare ya fi kama yara.

Jadawalin allurar ya danganta da tsarin asibiti. Akwai na cikin fata, wuri biyu a ranar farko, da rana ta 3, da ta 7. Akwai na cikin tsoka, ranar farko, ta 3, ta 7, da ta ƙarshe tsakanin rana ta 14 da ta 28. A dantse ake yi, ƙananan yara a cinya. Ba a yi a ɗuwawu, kitsen wurin yana hana ta aiki yadda ya kamata; in ka ga za a yi a nan, yi magana cikin ladabi. Mai ciki da mai shayarwa da jariri duk ana yi musu. Wanda ya makara da mako ko wata, a yi masa duk da haka.

Ga wani ruɗani da ke cin rayuka: mutum ya je kemis aka yi masa allurar tetanos, ya koma gida yana cewa an yi masa allurar cizon kare. Tetanos dabam, wannan dabam. Tambaye shi sau nawa aka ce ya dawo. In ya ce sau ɗaya ce an gama, ba ita ba ce. Na biyu kuma, mutane kan yi ta farko, ciwo ya warke, kuɗi ya ƙare, su daina. Rubuta ranakun a kati, ka bi su har gida. Tun kafin a ciji kowa, ka san asibitin da ke da allurar a yankinka da kuɗinta, ka kuma shawarci masu gari su ware wani abu a asusun unguwa domin marasa hali.

7. Karen da ya yi cizon

Abin da jama'a ke fara yi shi ne su bi shi da sanduna su fasa masa kai. An yi asara biyu ke nan: masu dukan sun shiga haɗari, kuma ƙwaƙwalwar da za a gwada ta tarwatse.

In karen sananne ne kuma ana iya kama shi ba haɗari, a kulle shi kwana 10, da ci da sha, inda yara ba sa kaiwa. Kare ba ya fara zubar da ƙwayar cutar a yawu sai ajalinsa ya kusa, don haka in ya kai kwana 10 garau, bai ɗauke da ita a yawunsa ranar cizon ba, likita na iya dakatar da sauran alluran. Amma a lura: ana fara allura ne tun ranar farko, ba a zauna jiran kwana 10 ba.

In ya mutu, ko dole ta sa aka kashe shi, kada a taɓa kan. Kira likitan dabbobi na ƙaramar hukuma. Shi zai cire, ya sa a ƙanƙara, ya tura Vom ko asibitin koyarwa na dabbobi irin na Zariya, Sakkwato ko Maiduguri. Sauran gawar a binne da zurfi ko a ƙone, kada a jefa a juji wasu karnuka su ci. Karen da ya ciji mutum ya ɓace, ɗauka yana da ciwon. Bi sawunsa ka gano wa da wa ya ciza, mutum da dabba. Karen da aka yi wa allura in aka cije shi, a sake masa nan take a sa masa ido. Wanda ba a taɓa yi wa ba, sai likita ya yanke hukunci: ko a kashe shi ba da azaba ba, ko a killace shi har wata 6.

Za a matsa maka a zuba guba a kashe karnukan gari gaba ɗaya. Ƙi. Gubar tana kashe waɗanda ka yi wa allura, masu su su nemo sababbi marasa allura daga wani gari, ga kuma kaji da ungulu da yara a haɗari.

8. Gane dabba mai ciwon

Ba kowane mahaukacin kare ke gudu yana cizo ba. Alamar farko sauyin hali ce: mai faɗa ya yi laushi, mai laushi ya fara gurnani. Haushi ya canza, ya riƙa cizon itace da dutse, ya yi ta yawo ba ya gane gida. Akwai kuma na shiru, wanda muƙamuƙinsa ke saki, yawu na dalala, ƙafafun baya su shanye. Shi ne ya fi yaudara, domin mai shi yakan zaci ƙashi ne ya maƙale, ya zura hannu a baki. Kada kuma ka gwada kare da ruwa ka ce tunda ya kusanci ƙwarya lafiyarsa ƙalau. Tsoron ruwa alamar mutum ce.

Saniya takan yi ta kuka ba tsayawa, tana yunƙuri, yawu na zuba, makiyayi ya sa hannu neman abin da ya shaƙe ta. Jaki yakan ciji kansa ko mai shi. Gaya wa arɗo da sarkin fawa kada a yanka irin wannan dabba, domin mai fiɗa da mai fasa kai su ke shiga haɗari. Dila ko wata dabbar dawa da ta shigo gari tsakar rana ba ta tsoron kowa, a nisance ta.

9. Yara, da wanda alamu suka riga suka kama

Shiga makarantun boko da na Islamiyya da tsangayu. Almajiri ya fi kowa haɗari, yana bin lunguna da dare kuma iyayensa na nesa, don haka zauna da alaramma. Koya musu kada su jefi kare, kada su taɓa mai cin abinci ko karya mai shayarwa. In kare ya taso, su tsaya cik, hannu a jiki, ba gudu ba ihu. Iyaye kuma ka roƙe su kada su doki yaron da ya zo ya ce kare ya cije shi. Tsoron bulala ke sa yara ɓoye ɗan yaƙushi, ba a sani ba sai bayan wata biyu. Ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, wadda ta dace da ranar rasuwar Louis Pasteur da ya fara yi wa mutum allurar a 1885, dama ce ta neman fili a rediyo da makarantu. Ban da wayar da kai, a gyara juji da bayan mayanka, domin nan ne karnuka ke taruwa.

Mutumin da cutar ta kai wa ƙwaƙwalwa yakan fara da zazzaɓi da ƙaiƙayi ko zugi a tabon cizon, sai firgita, sai maƙogwaro ya riƙa shaƙewa in ya ga ruwa ko iska ta taɓa shi. Sau da yawa a ce iskoki ne. A kai shi asibiti a sauƙaƙa masa wahala, a ɗaki mai shiru. Kada a sa masa mari, kada a guje shi. Masu jinya su sa safar hannu su kiyayi yawunsa. Kai kuma a ranar ka tambayi dangi wane kare ne, yaushe, kuma wa da wa ya ciza bayan shi. Duk wanda ka samu a cikinsu, ko tabonsa ya warke, ka kai shi a fara masa allura kafin rana ta faɗi.